Keken Haya a Hell's Gate

A yawancin gandun dajin Kenya, cikin mota ake kulle mutum ya leƙa namun daji ta taga. A Hell's Gate kuwa, kusa da tafkin Naivasha, keke ake miƙa maka a ce Allah ya kiyaye hanya. Ni da na girma ina kai markaɗe a kan keke a Zariya, sai na ce wannan ai ƙaramin alhaki ne.

Mai hayar ya ce birkin gaba ne kawai yake ɗan gardama. Na baya, ashe, tuni ya riga mu gidan gaskiya.

Na fara yada zango a Hasumiyar Fischer, wani dutse tsaye ƙyam, mita 25. Narkakken dutse ne ya daskare a maƙogwaron dutse mai aman wuta, ruwa da iska suka cinye abin da ke kewaye da shi, suka bar shi shi kaɗai. Sunan wani Bajamushe ya ci, Gustav Fischer, wanda ya biyo ta nan a 1883. Ina ɗaga kai ina tasbihi, sai na ji motsin leda. Rema ce ta zura kai cikin jakata har wuya. Wani jagora da ke wurin ya ce, "Yallaɓai, bi ta a hankali, dangin giwa ce." Gaskiya ya faɗa, masana sun tabbatar. Biskit ɗina dai bai dawo ba.

Daga nan hanya ta ɗan gangara, ƙurar toka mai laushi tana kama taya. Jakunan dawa na kiwo, ɓauna kuma can gefe ta daina tauna ta zuba mini ido. Na matsa birki, shiru. Sai ga gadu da 'ya'yanta sun ratso hanya, kowa jela a sama. Na ƙwala musu "Gafara dai!" kamar ina cikin kasuwar Sabon Gari. Ba su ji Hausa ba. Na karya kan keke, na dira cikin wata ƙaya.

Ita wannan ƙayar tana da ƙulluwa baƙaƙe a gindin tsininta, kuma kowane ƙulli gidan tururuwa ne. Itacen na ba su masauki da zaƙi, su kuma su ciji duk wanda ya taɓa shi, ko raƙumin dawa ne. Sun yi aikinsu tsakani da Allah, har cikin wando.

Da yamma aka lallaɓa ni zuwa Olkaria, inda Kenya ke samar da lantarki da tururin ƙarƙashin ƙasa tun 1981. Akwai tafkin wanka na ruwan ɗumi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wai yana gyara fata. Na tsunduma da bisimilla. Ruwan nan ya bi ƙarzunan jikina ɗaya bayan ɗaya, na saki ihun da ya sa wata Baturiya ta ɗauke ɗanta ta fita.