Yadda Za Ka Tono Kumbon da Ka Harba Daga Roni Kana Aji Biyar

Duk wanda ya yi firamare a Roni, ko Amaryawa, ko Zugai, kuma Allah ya hore masa biro da ragowar shafuka a bayan littafin lissafi, da wuya a ce bai taɓa zuwa duniyar wata ba. Ya tafi ba fasfo, bai sallami kowa a gida ba, ya kuma dawo kafin magariba don an ce shi zai ɗaure awaki. Yau ya zama malamin makaranta, ko ma'aikacin sakatariya, ko mai shagon siminti, yana taku ɗai-ɗai sai ka rantse bai taɓa gwabzawa da sarkin aljanun tauraro na bakwai ba. Da shi nake.

Fara da neman littafin. Ɗakin Inna za ka nufa, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ajiye goro, sannan ka kawo zancen tsohuwar adakar nan ta ƙarƙashin gado. Kada ka ce labari kake nema, ka ce takardar gona. Ka tafi da shirin haƙuri, domin adabin yara a ƙasar Kazaure yana da maƙiya uku: gara, ɗigon damina, da ƙanwarka da ta yi tallan ƙosai. Idan ita ta riga ka, babi na uku ya daɗe da shan mai a hannun wani bawan Allah a tasha.

In ka dace ya fito, duba bangon. Idan an rubuta Jihar Kano, to kumbonka ya girmi Jigawa, wadda aka yanke ranar 27 ga Agusta, 1991. Ya girmi hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya da aka kafa a 1999, balle tauraron ɗan'adam na farko da ƙasar ta mallaka, wanda sai a 2003 aka harba shi, shi ma daga Rasha. Kai kuwa daga bayan gidanku ka harba naka, kusa da rumbu. Kana da ikon yin alfahari, amma a hankali.

In bai fito ba, ka gode wa Allah, domin labarin da ya ɓace ya fi daɗin tunawa. Shafi huɗu ne, kana iya cewa arba'in. Matsalarka ɗaya ita ce abokin da kuka zauna benci ɗaya. Shi ne ya san cewa gimbiyar duniyar wata sunan wata 'yar ajinku ka sa mata, har da wushiryarta, kuma yanzu tana da jikoki, mijinta na zama majalisarku. Wannan aboki ka riƙa saya masa shayi da burodi, da ƙwai biyu, har iyakar rayuwa.

Karatun kuma a yi shi bayan isha'i, ƙofa a rufe. Abu na farko da za ka gano shi ne kai ɓarawo ne tun kana ƙarami. Direban kumbon Gizo ne, an dai sa masa hular kwano. Dalilin tafiyar, wato nemo maganin da zai warkar da ɗan sarki, daga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ka ɗauke shi. Ƙarfin jarumin na Iliya Ɗan Maiƙarfi ne, dodon na tatsuniyar kakarka ne, rawar da aka yi a ƙarshe kuwa ta fim ɗin Indiya ce. Kada wannan ya dame ka, hanyar tana da manya. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi yawo a sararin samaniya da Hausa tsantsa, a shekarar da Amurkawa suka sauke mutum a kan wata da kumbon Apollo 11, Mamman Shata kuma ya yi wa kumbon waƙa. Abin da ka sata ma yana nuna shekarunka. Wanda ya cika labarinsa da tauraruwa mai wutsiya, ko dai littafin Dembo ya karanta ko ya ji manya na zancen wadda ta ziyarto a 1986. Wanda jaruminsa ya je ƙwato rana daga hannun maƙiya, a bincika, yana firamare ranar 29 ga Maris, 2006, da rana ta yi husufi da hantsi har duhu ya rufe Katsina da Gusau.

Yanzu ga inda jarrabawar take. Hannunka zai yi ƙaiƙayi ya ɗauki jan biro. Ka zauna a kansa. E, jikin kumbon na karan dawa ne da gwangwanin madara, irin ƙirar motar kara, man da yake sha kananzir ne, guzurin kuwa ƙuliƙuli da fura da buta. E, tsakaninmu da wata kimanin kilomita 384,000 ne, 'yan Apollo sun kwana uku a hanya, naka kuwa ya tashi bayan la'asar, ya tsaya Kazaure ya ɗauki fasinja biyu, ya isa da sauran rana. Babu iska a can, amma jaruminka ya hura wuta ya dafa shayi, zakara kuma ya yi cara da asuba. Duk ka bar su. Da zarar ka gyara zakaran sai wutar ta mutu, in wutar ta mutu ba shayi, kuma ba Bahaushen da zai yi irin wannan doguwar tafiya a ce masa ba shayi. Abu ɗaya tak kimiyya ta goyi bayanka: nauyin kaya a wata kashi ɗaya ne cikin shida na nauyinsa a nan, don haka damin gero shida da jarumin ya ɗauka a ka ba ƙarya ba ne sosai.

Ka nutsu a shafin da lokacin salla ya yi, don a nan yaron ya fi ka tunani. Ina alƙibla, ga duniya can a rataye a sama? Azumi fa, a wurin da rana ke yin kusan mako biyu ba ta faɗi ba? Sannan babbar tambaya: wanda ke tsaye a kan wata, wane wata zai duba ya ce gobe Salla? Kada ka yi dariya, malamai sun zauna a kan irin wannan. A 2007, da ɗan Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor zai je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa cikin Ramadan, sai da aka rubuta masa jagora, domin tashar tana kewaye duniya duk minti 90, rana ta fito ta faɗi sau 16 a kwana guda. Aka ce ya bi lokacin wurin da aka harba shi, alƙibla kuwa gwargwadon iko. Jaruminka ya riga su warware matsalar da rediyo mai batir biyu: ya kama tasha, ya ji sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato, ya yi niyya.

Yawanci labarin bai ƙare ba. Yana tsayawa a tsakiyar jimla, daidai lokacin da malamin lissafi ya tsaya a bayanka. Kada ka ƙarasa shi. Mutumin da ke biyan kuɗin makaranta da na taki, in ya karɓi tuƙin kumbon nan, lissafin kuɗin kananzir zai fara, ƙarshe ya ce a fasa tafiyar sai bayan kaka.

'Ya'yanka kuwa a ɓoye musu. Uban da ɗansa ya karanta inda kumbonsa ya yi faci a hanyar tauraruwa Zara, ba zai ƙara yin faɗa a kan sakamakon jarrabawa a saurare shi ba. In an kama ka, ka ce rubutun ƙaninka ne, wanda ke Legas.

Majalisa ita ce wurin da ya dace. Jira a gama zancen farashin taki da na siyasa, sannan ka sako shi a hankali. Akwai dattijo guda a kowace majalisa wanda har gobe bai yarda Amurkawa sun taka wata ba, yana cewa a wani daji suka ɗauki hoton, abin da suka kawo mana kawai ciwon ido ne. Shi za ka fuskanta. Zai saurare ka har ƙarshe, ya gyara zaman hularsa, ya ce naka ya fi kama da gaskiya, don ya san mahaifinka, ba maƙaryaci ba ne.