Masu Karatun Soyayya a Lokacin Hutu, Kowa da Halinsa

Da an ba da hutun makaranta, ko an gama suyar naman Babbar Sallah, sai littattafan soyayya su fito daga ƙarƙashin katifa a gidajen Anka, Gummi da Bukkuyum. Zamfara kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan harka. Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wadda kamfanin NNPC na Zariya ya buga wa So Aljannar Duniya a 1980, ta daɗe tana zaune a Gusau, har ta nemi tsayawa takarar gwamnan jihar a 2003. Marubuta dai an sha ba da labarinsu. Masu karatun ne ba a cika tonawa ba.

Akwai mai leƙen ƙarshe. Ba ta fara littafi sai ta duba shafin ƙarshe ta tabbatar an ɗaura aure. In ta ga jarumin ya mutu, sai ta ajiye ta ce hutu ta zo yi, ba zaman makoki ba.

Sai mai aro, wadda ta fi kowa laifi. Marubutan Kano sun saba fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, wani sa'in har na uku, ita kuwa na biyun take ɗauka ta tafi da shi biki wani gari. Gidaje nawa ne aka karanta farkon In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, aka bar Sumayya da Muhammad cikin tsaka mai wuya, saboda ci gaban yana cikin akwatin wata amarya? In ma ya dawo, bango ya cire, an rubuta lissafin adashi a bayansa, ga tabon man ja daidai inda ake rikicin.

Namijin gidan ba ya karantawa. Haka yake faɗa a majalisa: "Wannan ai na mata ne." Amma da ƙanwarsa ta tambayi inda ta tsaya, shi zai ce mata daidai inda Hajiyar ta kori yaron daga gida.

Mai faɗakarwa ita ce abin kallo. Kullum tana cewa littattafan nan ke ɓata tarbiyya, har ta yaba da ƙona wasunsu da hukumar A Daidaita Sahu ta yi a Kano a 2007. Sai dai in ta tashi kafa hujja, za ta kawo sunan jaruma, da na kishiyarta, da kalar leshin da ta sa ranar kamu. An tambaye ta littattafan Balaraba Ramat Yakubu da na Anti Bilki Funtuwa fa? Ta ce waɗannan daban ne, darasi ne.

Yanzu yawancin karatun ya koma waya, ya kuma haifi 'yar bati. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, da labari ya yi daɗi ta ce a biya, ita kuwa sai ta bi ƙawaye tana roƙon a turo mata cikakke. Da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021 saboda matsalar 'yan bindiga, mai tarin littattafai a memori ce ta zama uwar ɗaki, don Xender ba ya neman sabis.

Inna kuma da kunne take nata karatun. A kunna mata wanda aka sauke daga YouTube, tana tsinke zogale tana yi wa uwar miji faɗa kamar tana tsakar gidan.

Mafi ban dariya ita ce wadda labari ya shige ta. Kafin hutu ya ƙare ta bar "lahiya lau" ta koma "lafiya ƙalau", ta fara kiran ɗan baffanta Yaya cikin sanyin murya, tana jiran miskili mai ƙatuwar mota da gida a Abuja, wanda ba ya dariya sai shafi na ɗari. Wanda ke zuwa zance a babur, da ledar tsire a hannu, bai san abin da ya yi ake ɗaure masa fuska ba.

Marubuta su taimaka wa wannan bawan Allah. A samu littafi ko ɗaya ne da jaruminsa ke noman shinkafa a fadamar Gummi, yana fara'a tun shafin farko, kuma a ba shi yarinyar.