Ranar da Kowa Yake Zama Koci

A ƙasashen da ƙwallon zari-ruga ta kama zukatan mutane, irin su Afirka ta Kudu da New Zealand da Wales, akwai rana guda da masana suke yin araha kamar tumatir a kakarsa: ranar da kocin ƙasa zai karanta sunayen 'yan wasan da zai tafi da su Gasar Kofin Duniya. Gurbi 31 aka ba kowace ƙasa a 2019, aka ƙara biyu a 2023 ya zama 33. Kafin koci ya ninke takardarsa, mai aski da direban tasi da mai sharhi a rediyo duk sun gano inda ya yi kwaɓa, kuma kowa yana da sunan wanda aka zalunta. Abin da ba kasafai ake ji a bakinsu ba shi ne sunan wanda za a sauke domin a ɗora nasu gwanin. Nan kuwa aikin yake. Sa suna a takarda ko yaro ya iya. Wuyar ita ce kujerun a ƙirge suke, kuma wasan ba ya yarda a cika su da gwanaye barkatai. Mutum 15 ke shiga fili, takwas ƙarti masu turereniya da kokawar ƙwace ƙwallo, bakwai masu gudu da bugu, wasu takwas suna benci. Doka ta ce uku daga na bencin dole su zama ƙwararru a sahun farko na turereniya, domin wanda bai iya ba in ya cusa wuyansa a wurin yana iya karyewa. Shi ya sa koci yakan bar wani tauraro a gida ya ɗauki wanda ko a unguwarsu ba a tafa masa, don kawai shi ne na uku a masu kaurin wuya. Masu suka kuwa kowa da awo guda ɗaya yake auna duniya, kuma da awon nasa ake gane shi.

Na farko shi ne Mai Sikeli. A wurinsa ɗan wasa ba kallonsa ake yi ba, auna shi ake yi. Tun da ya ga Jonah Lomu, mai tsawon mita 1.96 da nauyin kusan kilo 120, ya bi ta kan 'yan Ingila ya dire ƙwallo a bayan layinsu har sau huɗu a Cape Town a 1995, bai sake ganin kowa da gashi ba sai ƙato. Ka kawo masa sunan yaro mai zafin nama, tambayarsa guda ce: kilo nawa ne? Ba kuma ƙarya yake yi ɗungurungum ba, domin a wasan ƙarshe na 2019 a Yokohama da ƙarfin turereniya Afirka ta Kudu ta fara karya lagon Ingila kafin ta ci 32 da 12. Sai dai wanda ya rufe wasan a ranar, ya kauce wa Owen Farrell ya bar shi a ƙasa, shi ne Cheslin Kolbe, wanda da kaɗan ya haura mita 1.7, wanda aka daɗe ana ce masa ya yi ƙanƙanta har ya tafi Toulouse ta Faransa a 2017 ba tare da ya taɓa buga wa babbar tawagar ƙasarsa ba. A 2023 kuma, a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, Thomas Ramos na Faransa ya dasa ƙwallo zai yi bugun ƙarin maki biyu, bugun da kowa yake tsayawa ya yi kallo. Ramos na ɗaga ƙafa, Kolbe ya taso daga layinsu da gudu, hannu biyu a sama, ya tare ƙwallon. Afirka ta Kudu ta ci 29 da 28. Mai Sikeli ya ga abin da idonsa, ya kuma ce da yaron ya ƙara kilo goma da ya fi haka.

Ɗan Garinmu shi da taswira yake karanta sunaye. In mutumin Pretoria ne, 'yan Bulls yake ƙirgawa. In na Durban ne, 'yan Sharks. Na Cape Town kuwa ya tabbata tun kafin a haife shi ake ƙulla wa Stormers makirci. A New Zealand mutumin Auckland ya yi imani rigar Crusaders ta Christchurch ita ce takardar shiga tawaga. Ka tambaye shi wa za a cire, sai ya ce duk wanda ba namu ba, wanda kuwa wannan ba amsa ba ce. Amma a nan ya kamata a dakata da dariya kaɗan, domin a Afirka ta Kudu kukan cewa an rufe wa wasu ƙofa ba ƙirƙira ba ne. Sai a 1981 aka samu wanda ba farar fata ba, Errol Tobias, ya buga wa Springboks, tawagar ƙasar. A tawagar da ta ci kofin 1995 a gaban Nelson Mandela, Chester Williams kaɗai ne ba fari ba. Sai a 2018 koci Rassie Erasmus ya ba Siya Kolisi, yaron unguwar Zwide, kyaftin. Wanda ya yi wancan kuka gaskiya ya faɗa, kuma ya san sarai tsarin da yake so a cire. Abin dariyar shi ne ƙanin Ɗan Garinmu da ya ɓullo daga baya, wanda duk baƙar fatar da aka zaɓa sai ya ce alfarma aka yi masa don a cika lissafi. A wasannin ƙarshe na 1995 da 2007 Afirka ta Kudu ba ta dire ƙwallo a bayan layi ko sau ɗaya ba, da bugu kaɗai ta ci. Mutum na farko da ya yi mata hakan a wasan ƙarshe shi ne Makazole Mapimpi a 2019. In wannan ce alfarma, to ƙasar ce ta ci moriyarta.

Shi kuwa Baba A-Zamaninmu ba sai an daɗe a kansa ba. Ya buga wasan tun kafin 1995, lokacin da ba a biyan albashi kuma ba a canza mutum sai ya ji ciwo. Yana ganin benci wurin zaman ragwaye ne. Da Afirka ta Kudu ta zo da salon ajiye ƙarti shida a benci a 2019, ta kai su bakwai a 2023, ta riƙa sako su a tsakiyar wasa kan abokan hamayyar da suka gaji, sai ya ce an kashe wasan. Ya faɗi haka kuma a duk shekarar da aka canza wata doka, wasan bai mutu ba tukuna.

Akwai tagwaye biyu da ba sa ga maciji, Mai Sabon Jini da Mai Tsohon Hannu. Na farko duk wanda ya haura shekara 30 a wurinsa ya zama kaka, ya je ya yi wa jikoki tatsuniya. Na biyu kuwa ba ya yarda da yaro sai ya buga wasa hamsin, ba ya kuma faɗin inda zai buga su in ba a sa shi ba. Haɗarin shi ne ranar da ɗaya daga cikinsu ya samu kujerar koci. A 2023 Eddie Jones ya yi wa Ostireliya zaɓen Mai Sabon Jini tsantsa: ya bar Michael Hooper, wanda ya daɗe yana kyaftin, da Quade Cooper a gida, ya tafi Faransa da matasa. Fiji ta doke su 22 da 15, Wales ta yi musu 40 da 6, suka dawo gida tun daga rukuni, abin da bai taɓa faruwa da ƙasar ba. Mai Tsohon Hannu ya yi ta tsalle, ya manta cewa Lomu ɗan shekara 20 ne lokacin da ya yi wa Ingila wancan aika-aika.

Mai Binciken Kaka ya fi su duka haƙuri. Shi ba ya zuwa filin wasa, ofishin rajistar haihuwa yake zuwa. Doka ta ba mutum damar buga wa ƙasar da aka haife shi, ko aka haifi mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗaya daga kakanninsa, ko wadda ya zauna cikinta tsawon wasu shekaru, da uku ne aka mai da su biyar. Don haka yana ganin gwani a wata ƙasa sai ya shiga tambayar ina aka binne cibiyar kakarsa. A shekarar 2000 aka gano cewa Shane Howarth da Brett Sinkinson, 'yan New Zealand da suka yi ta buga wa Wales da sunan kakanni, ba su da hujjar da ta ba su dama. Sifaniya ta samu gurbin zuwa kofin 2023 aka ƙwace saboda ɗan wasa guda da takardunsa ba su cika ba. In a Najeriya yake, to Maro Itoje ne ciwon zuciyarsa: iyayensa 'yan Najeriya, an haife shi a Landan, a 2025 ya zama kyaftin ɗin Ingila. Kishiyar Mai Binciken Kaka shi ne Mai Gadin Iyaka, wanda yake ganin duk wanda ya tafi neman kuɗi a Faransa ko Japan ya ci amanar ƙasa. New Zealand da Ingila suna tare da shi, ba sa zaɓar mai bugawa a waje, kuma suna da dalili, domin in taurari suka watse gasar cikin gida ta mutu. Afirka ta Kudu kuwa kuɗinta ba sa iya riƙe su, sai ta buɗe ƙofa, ta kira irin su Faf de Klerk daga Ingila, ta ci kofi biyu a jere. Kowace ƙasa aljihunta ta duba, Mai Gadin Iyaka ne kawai yake zaton aya ce aka saukar.

Sarkinsu duka shi ne Malam Da-Ma-Na-Faɗa, domin shi bai taɓa faɗuwa ba. Sai an busa tashi yake bayyana abin da ya hango tun farko. Gasar 2023 ta ba shi aiki. Jacques Nienaber da Erasmus, masu jagorancin tawagar Afirka ta Kudu, sun tafi da masu lamba tara har huɗu, suka bar Handré Pollard, babban mai bugunsu, saboda rauni. Da Malcolm Marx, mai lamba biyu a sahun turereniya, ya ji ciwo, maimakon su kira mai irin aikinsa sai suka kira Pollard. A wasan ƙarshe da New Zealand, 'yan mintuna da farawa Bongi Mbonambi, ɗaya mai lamba biyun, ya ji ciwo a gwiwa ya fita, aka tura Deon Fourie, ɗan shekara 37 wanda ya daɗe da komawa wani gurbin, ya riƙe lamba biyu kusan duk wasan. Pollard ne ya buga dukkan maki 12, aka tashi 12 da 11. Malam ya ce shi da ma ya san dabara ce. Da ƙwallo guda ta kauce, da bakin nan nasa zai ce ganganci ne, kuma ba zai ji ko ɗar ba.

Mai karatu zai iya cewa, to ashe jama'a su yi gum ke nan, koci ba ya kuskure? Yana yi mana, labarin Jones ya isa shaida. Akwai kuma na Stuart Lancaster, kocin Ingila, wanda a 2015 ya ɗauki Sam Burgess, tauraro a ɗaya nau'in zari-rugar mai mutum 13, bai cika shekara guda da sauya sheƙa ba, ya bar Luther Burrell da ya daɗe yana riƙe da gurbin. Ingila ta fita tun daga rukuni a gasar da ita ke karɓar baƙunci. Masu suka a lokacin sun faɗi wa za a sa, sun faɗi wa za a cire, sun kuma faɗa kafin a buga. Irin wannan suka tana da nauyi ko da a ƙarshe ba ta yi daidai ba, domin mai yin ta ya ɗauki irin kasadar da koci ya ɗauka. Wani kuma zai ce Afirka ta Kudu da maki ɗaiɗai ta ci wasanninta uku na ƙarshe a 2023, ashe sa'a ce ba iya zaɓe ba. Sa'a tana ciki, ba musu. Amma sa'ar ta zo ta tarar da Fourie a benci, kuma ba ita ta rubuta sunansa ba. Wani ne ya zauna ya lissafa mummunar rana, ya bar wani a gida domin ya samar masa wuri.

Sau ɗaya dai an ga duk mutanen nan sun haɗa baki, har da sunan wanda za a cire. A 2010 New Zealand ta sha kashi a hannun Ostireliya a Hong Kong, ƙasa gaba ɗaya ta ɗora laifin a kan Stephen Donald. Mai Sikeli da Ɗan Garinmu da Baba A-Zamaninmu duk suka ce kada a sake ganinsa, koci Graham Henry ma bai sa shi a tawagar 2011 ba. Sai Dan Carter, mai riƙe da gurbin da Donald ke bugawa, ya ji ciwo, Colin Slade da ya maye gurbinsa ya bi shi. Aka nemi Donald a waya, aka same shi yana kamun kifi a kogin Waikato. A wasan ƙarshe da Faransa a Auckland, Aaron Cruden da ya gaji gurbin shi ma ya ji ciwo kafin hutun rabin lokaci, Donald ya shigo da rigar da ta matse shi har tana tattarewa a ciki. Aka samu bugun maki uku, ya buga, ta shiga. New Zealand ta ci 8 da 7, kofinta na farko tun 1987.