Ai da Kuɗina Na Saya!

To, Alhaji mai gidan kallo, zauna mu yi ta. Na san abin da za ka fara cewa: "Ai da kuɗina na sayi fim ɗin!" Ba mu musa ba. Amma wanda ya biya kuɗin kujera ɗaya a mota bai sayi motar ba, balle ya tsaya a hanya yana ɗibar fasinja. Kuɗin da ka ba mai tura fim, ko na faifan da ka saya a Ƙofar Wambai, na kallonka ne kai da iyalinka. Da zarar ka jera benci, ka sa yaro a ƙofa yana karɓar kuɗi, sana'a ka buɗe da kayan wani.

"Ina da takardar Hukumar Tace Fina-finai fa." Madalla, a manna ta a bango. Hukumar ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba abin da ya dace a nuna da inda ake nunawa. Ba ita ta ciyo bashi ta biya 'yan wasa da mai kyamara ba. Izinin nunawa na wurin furodusa, ko wanda ya wakilta. Shi ya sa silima ta gaskiya take raba kuɗin tikiti da mai fim. Akwai ma ƙungiyar AVRS da aka amince wa tun 2014 ta riƙa karɓar irin wannan kuɗi a madadin masu fina-finai.

Na ji wani daga baya yana dariya: "Yanzu Shah Rukh Khan ne zai zo Fagge ya kama ni?" Ba sai ya wahalar da kansa ba, malam. Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka a 1993, Indiya ma tana ciki, don haka fim ɗinsa yana da kariya a nan kamar na Ali Nuhu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 kuma ta ba fim shekara 50 na kariya. Ko fim ɗin Turmin Danya na 1990 bai zama na kowa da kowa ba tukuna.

Sai kuma masu cewa, "Ai talla nake musu." Sannu da ƙoƙari! Tallar da kuɗinta ke shiga aljihun mai tallar kaɗai, Allah ya ba mu irinta.

Tambaya ɗaya, Alhaji, tsakaninka da Allah: ranar da ka kama yara suna leƙen fim ta ɓular langa-langa ba su biya ba, godiya ka yi musu don sun yi maka talla, ko bulala ka ɗauko?