Fasinjojin Motar Digirgir

Tun da gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Babura a 2021, wani zazzaɓi ya kama 'yan bokon masarautar Kazaure: kowa so yake a kira shi Dakta. Malamin Kwalejin Hussaini Adamu da ya shekara goma yana barci lafiya da digirinsa na biyu, yanzu juyi yake kwana yi. Maganin kuwa yana jami'o'in Kano da Zariya. Ka shiga motar sammako daga tashar Kazaure ranar Litinin, za ka tarar da majinyatan reras, kowa da jaka a cinya.

Na kusa da direba shi ne Malam Babi-na-Uku. Shekara shida ke nan duk wanda ya ce masa ina aka kwana, amsar ɗaya ce: "Muna babi na uku." Yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur, ya zame masa garkuwa. Har gobe shi yake ɗora wa laifi, alhali yaron da aka haifa masa ranar da aka janye yajin ya soma bin yayyensa makarantar allo.

A bayansa akwai Baran Farfesa, wanda ni dai nake ganin ya fi kowa fahimtar karatun. Ya san ranar da za a yi wa motar sufabaizansa juyen mai, ya san makarantar 'ya'yansa, ya san irin kifin dam ɗin Kazaure da uwargida ke so. Yau ma ga shi nan a leda, ƙarni ya cika motar. Zai isa ofis ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, ko an samu duba babin nan?"

"Wane babi?"

Sai a ɗaga kujerar bayan motar farfesan a zaro shi, da shatin kofin shayi a shafin farko, ba a taɓa buɗe na biyu ba. Bara zai yi godiya har da cewa Allah ya ƙara girma.

Sa-Sunana kuwa ba ya rubutu, karo-karo yake yi. Tun da ya ji ba a ƙarin girma sai da maƙalu a mujalla, ya zama ɗan adashi: ku biyar ku haɗa kuɗin bugawa, yau sunanka a gaba, gobe nasa. Mutumin da ya karanci lissafi, sai ga sunansa a bincike kan cutar kaji.

Wanda TETFund ta kai Malesiya bai cika magana ba, sai dai kowace jimla da "a can" take farawa.

Can ƙuryar baya wata malama ce daga Roni, goyo a cinya, biro a baki, tana gyaran da aka ba ta a kan gwiwa duk da ramukan hanya. Ba wanda ke tambayarta babi na nawa take. Ranar Alhamis za ta kare kundinta.

Ni ma ina ciki, amma ba a tambayi nawa babin ba.

Muna wuce Ɗambatta yaron mota ya miƙo hannu ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Dakta, kuɗin mota." Mu biyar muka sa hannu a aljihu.