Tsutsa Mai Nobel Huɗu

To, masu taɓe baki, na ji ku. Wai manyan masana sun rasa abin yi sai kiwon tsutsa? Alhaji, sauke girar nan tukuna, gashinta ma yana da aiki a wannan harka.

Sunanta C. elegans. Tsawonta kusan milimita 1 ne, jikinta garau har ana hango cikinta, kuma cikin kwana 3 ta girma ta fara ƙwai. Sydney Brenner ne ya zaɓe ta a Kambirij ta Ingila a shekarun 1960. Ƙwayoyin jijiyarta 302 ne cif, an kuma zana taswirar yadda suka haɗu tun 1986. Naka biliyoyi ne, ko da yake ban rantse duka suna aiki ba.

Dabarar ita ce a ba tsutsotsi sinadarin da ke jirkita ƙwayoyin gado, a zuba ido kan jikokinsu. Wadda ta sandare ko take tafiya a karkace, sai a bi sawu har a kama ƙwayar da ta lalace. Haka aka gano unc-13, mai taimaka wa jijiya ta miƙa saƙo ga maƙwabciyarta, kuma irinta na nan cikin kanka, ko ka yarda ko ka ƙi. Martin Chalfie kuwa da gashin gira yake shafa su, waɗanda ba su motsa ba suka tona asirin yadda ake jin taɓi. Aiki da wannan tsutsa ya ciyo Nobel a 2002, 2006, 2008 da 2024. Ku nawa kuka ciyo?

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na ɗakin binciken Cori Bargmann. Tsutsar tana mutuwar son wani ƙamshi irin na man shanu. A 1997 suka ɗauke abin da ke jiyo ƙamshin, suka dasa shi a jijiyar da ke sa ta gudu. Ƙamshi bai sauya ba, amma tsutsa ta juya ta arce. Ashe so da ƙi suna bin hanyar da saƙo ya shiga ne.

Sun kuma gano cewa ɗan bambanci a ƙwayar npr-1 ke sa wata ta ci abinci cikin taro, wata ta ware ita kaɗai. Malam mai kulle ƙofa lokacin tuwo, kada ka yi saurin murna, a tsutsa aka gwada. Taka rowa ce zalla.