Ɗan kallon Fakuwa ya fi mai biza lissafi

Ana ta yi wa masu bin ƙungiyar ƙasarsu zuwa Gasar Kofin Duniya kirari, wai su ne masoya ƙwallo na haƙiƙa. Ni kuwa na ce wanda ya zauna kan benci a gidan kallo a Fakuwa, can wajen Kankiya, ya fi su lissafi. A 2022 Ghana ta hana Super Eagles zuwa Katar, a Abuja ma kuwa. A Nuwamban 2025 Kongo ta Kinshasa ta fitar da su da bugun fenareti a Rabat, sai ga gasar 2026 mai ƙasashe 48 babu Najeriya. Wanda ya yi tanadin kuɗin jirgi zuwa Amurka ya rasa wa zai je yi wa tafi. Na Fakuwa kuwa asararsa ba ta wuce kuɗin shiga da ƙullin gyaɗa ba, gobe ya wayi gari ɗan Maroko, ba mai tambayarsa fasfo.

Za a ce gani ya kori ji. Haka ne, amma na cikin fili daga nesa yake hange, na benci kuwa ana maimaita masa har ya gano laifin alƙalin wasa. Za a kuma ce janareta kan mutu ana tsakiyar wasa. To, wanda ya je Abijan kallon wasan ƙarshe na Gasar Kofin Afirka a Fabrairun 2024 ba a ɗauke masa wuta ba: ya kalli yadda aka ci mu 2 da 1 tiryan-tiryan, sannan ya biya kuɗin komawa gida.